Tsakiyar Buhu

Bari in lissafa muku abin da ke kan faifai a shekarar da gidan abincin nan na Tarauni ya nemi shinkafata, domin na sha jin kuna ba wa 'ya'yanku labarin a karkace. Akwai dukan shinkafar da nake ɗaukowa daga Kura, kaka da rani, wadda aka ce in sallama wa mutum ɗaya. Akwai mata goma sha ɗaya masu dafa abincin sayarwa, daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwar Gano, waɗanda tukunyarsu ba ta hawa murhu sai da awona. Akwai gidan sama da na daɗe ina ginawa a raina a filina na Darmanawa. Sannan akwai yayanku Babangida, ɗana na fari, wanda ya nemo cinikin da ƙafarsa kuma ya ɗora mutuncinsa a kai. Ku kuna cewa Hajiya ta watsar da arziki don an ba ta abinci mai sanyi. Abincin ya yi sanyi, ban musa ba. Amma ni ba yarinya ba ce da zan fasa ciniki don miya ta huce.

Lokacin da mahaifinku ya rasu, Allah ya jiƙansa, abin da ya bar mini bai wuce ku da ɗaki biyu ba. Da rabin buhu na fara, a zaure, ina awo da gwangwani. Wanda bai ga shinkafar gida ta wancan lokacin ba ba zai gane ba. Sai mace ta zauna da faifai ta tsince, ta rege a ruwa, duk da haka maigida ya tauna tsakuwa ya bi ta da harara. Na duba na ga ba ɗanɗanon shinkafar mutane ke ƙi ba, wahalarta suke ƙi. Sai na ɗauke musu wahalar. Duk buhun da ya shigo gidana sai an farke shi, an sheƙe, an tsince, sannan a mayar a ɗinke. Da ni kaɗai nake yi har idona ya fara ruwa, daga baya na ɗauki mata ina biyansu. Ribata ta ragu, amma a hankali yara suka fara zuwa da saƙo iri ɗaya: an ce a ba ni ta Hajiya, wadda ba sai an tsince ba. Ban taɓa kafa allo a ƙofar shago ba. Wannan maganar ita ce allona.

Mace ta farko da ta ɗauki buhu guda cur a hannuna ita ce Maman Yohanna. Kirista ce, daga kudancin Kaduna mijinta ya zo da ita yana koyarwa, ita kuma tana dafa wa masu Adaidaita Sahu da leburori abinci a rumfarta ta bakin titi. Mace ce mai baki, ba ta ɓoye abin da ke ranta ko da a gaban hakimi ne. Ita ta jawo mini sauran matan ɗaya bayan ɗaya. Da cinikin ya yi ƙarfi, Babangida ya gama karatunsa ya zauna tare da ni a shago. Ba zan rage masa ba, yaro ne mai kai. Shi ya koya mini karɓar kuɗi ta waya, shi ya samo mana direban da ba ya tsiyayar buhu a hanya. Abu ɗaya ne yake ƙona masa rai: ganin mata suna cinikin kwano biyu kamar za su sayi gona.

Wata rana da hantsi ya shigo yana murmushi tun daga bakin ƙofa.

"Hajiya, wahala ta ƙare. Alhajin da ya buɗe babban gidan abincin nan na Tarauni yana son shinkafarki."

"To, ya aiko a auna masa."

"Ba awo yake so ba. Duka yake so. Duk abin da ya sauka daga Kura nasa ne, a farashin da ya fi na kasuwa. Sharaɗi ɗaya ne, kada mu sayar wa kowa."

"Su Maman Yohanna fa?"

"Hajiya, masu shinkafa sun cika Kano."

Na ce a fara aika masa da buhuna kaɗan na gwaji, in yi tunani. Ba a yi mako biyu ba Alhajin ya gayyace mu cin abinci. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan gidan ba, har yanzu yana nan. Da kansa ya tare mu a bakin mota, ya hau da mu wani ɗaki a sama mai shimfiɗar da ƙafa ke nutsewa. Yana kirana Mama, da hannunsa ya zuba mini ruwan wanke hannu. Aka kawo shinkafata an dafa ta warwar, tana tururi, kowace ƙwaya tsaye da ƙafarta. Wallahi sai da na ji ƙwalla, don ban taɓa ganin an yi wa kayana gata irin wannan ba. A hanyar komawa gida Babangida ya kasa zama daidai a kujera.

"Kin gani ko, Hajiya? Kin ga inda kayanki ya dace da zama?"

"Na ga bakin buhu," na ce masa.

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ku da kuka tashi a shagon nan kun san ƙarfen da ke rataye a bayan kujerata, mai rami kamar bututu, bakinsa da tsini. Mai kawo kaya yakan zuba mai kyau a saman buhu, abin da muke cewa ya yi masa fuska. In ka buɗe baki ka duba ka yaba, ka sayi tsakuwa da kuɗinka. Don haka ba na buɗe baki. Ciki nake sokawa, a tsakiya, inda mai buhun bai yi zaton hannu zai kai ba, abin da ya gangaro tafin hannuna shi ne gaskiyar buhun. Ban taɓa sayen buhu ɗaya ban soka ba, ko na ɗan'uwana ne. To yaya za a ce in miƙa dukan abin da na mallaka ga gidan da samansa kawai aka nuna mini?

Ranar wata Laraba bayan azahar na sa tsohon mayafina na zuwa kasuwa, na biya rumfar Maman Yohanna.

"Bar wa 'yarki tukunya, taso ki raka ni cin abinci."

"Hajiya, nawa ya yi miki laifi ne?"

"Na masu kuɗi za mu ɗanɗana yau. Ni zan biya."

"A'a, in ke za ki biya, bari in sako babban cikina."

A Adaidaita muka je. Maigadin da ya rusuna mini ranar da na zo a mota, yau ya tare ƙofa da sanda.

"Masu neman aikin wanke-wanke ta baya suke bi."

"Ɗana," in ji Maman Yohanna, "mu yau mu za a yi wa wanke-wanken. Matsa."

Muka shiga. Ɗaki ne babba, ko'ina madubi da fitilu da rana tsaka, sanyi kamar an buɗe firij. Babu wanda ya ce mana sannu. 'Yan matan da ke kawo abinci suna jingine da kanta, kowacce ta duƙufa kan wayarta. Da muka nufi wani tebur kusa da taga, ɗaya ta ɗago ta ce an kama wannan, ta nuna mana wani da baki, can kusa da ƙofar banɗaki. Muka zauna. Wasu maza masu manyan riguna suka shigo bayanmu, aka ruga aka ja musu kujeru, aka kai musu abinci, suka ci suka wanke hannu, mu ko ruwa ba a ajiye mana ba. Sai da Maman Yohanna ta buga cokali a jikin kofi sannan aka jefo mana takardar da aka jera sunayen abinci, duk da Turanci. Ita ta yi makaranta, ita ta karanta. Tana kaiwa kan farashi ta ɗora hannu a ka.

"Hajiya, wannan kuɗin na faranti ɗaya ne, ko har da kujerar za mu tafi da ita?"

Ta tambayi kifi, aka ce babu. Ta tambayi farfesu, aka ce ya ƙare. Tuwo, sai da yamma. Duk doguwar takardar nan ta koma abu ɗaya, shinkafa da miya da kaza, abin da ni da ma shi na zo gani. Muka ce a kawo. Muka zauna har aka kira la'asar. Na tambayi inda zan yi salla, aka sake nuna mini lungu da baki. Na yi na dawo, na tarar da ƙawata ta naɗe hannuwa a cikin gyale saboda sanyi, tebur kuwa wayam.

Da abincin ya iso, faranti ne mai faɗin faifai, a tsakiyarsa an kife 'yar shinkafa kamar da gwangwanin madara, an ɗora mata wani ganye a ka kamar hula. A gefe fiffiken kaza guda, ya bushe ya ƙanƙance. Miyar ta fara tsami, an danne ta da yaji.

"Kazar nan tun mulkin soja ta rasu," in ji Maman Yohanna tana juya ta da cokali mai yatsu. "Allah ya ba iyalanta haƙuri."

Na sa cokali. Saman shinkafar da ɗumi, cikinta sanyi ƙalau, alamar ta kwana aka ɗumama ta da gaggawa. Ina cikin taunawa sai na ji ƙas! daga bakin Maman Yohanna, ƙarar da har mutanen teburin gaba suka waiwayo.

"Wayyo Yesu!"

Ta dafe kunci, ta tofo a tafin hannu. Tsakuwa ce baƙa, da ɗan ɓallin haƙori a gefenta.

Na ja farantina na baje shinkafar da bayan cokali. Tawa na gani, doguwa siririya, ba zan kasa gane ta ba ko cikin duhu. Amma a tsakaninta akwai wata gajeruwa, karyayya, mai baƙin ɗigo, irin ta sharar inji da ake sayarwa da araha. An surka. Na ce a kira mini manaja. Aka ce yana da baƙi. Na ce zan jira baƙin su tafi. Da ya gaji ya fito, wani dogo ne da kwat, waya manne a kunne, bai ma sauke ta ba. Na nuna masa tsakuwar da haƙorin. Ya leƙa kamar mai leƙa rijiya.

"Ayya, ku yi haƙuri, ba laifinmu ba ne. Laifin mai kawo mana shinkafar ne."

"Wane ne shi?" na tambaya.

"Wata Hajiya ce a nan Gyadi-Gyadi. Kin san matan nan na cikin unguwa, ba ruwansu da tsafta. Da ma don taimako Alhaji yake saye a wajenta."

Maman Yohanna ta cika baki da iska za ta fashe. Na take mata ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da ta manta da haƙorin.

"Allah ya saka wa Alhaji da alheri," na ce. "A kawo mana lissafinmu."

Na tambaya ko za a rage wani abu tunda ba mu ci ba. Ya ce mun riga mun taɓa. Abin da na biya a kan faranti biyun nan zai ciyar da duk direbobin rumfar Maman Yohanna su ƙoshi har su yi guzuri. Har da ruwan da ba a kawo ba, har da wani ƙari wai shi kuɗin hidima.

"Wace hidimar?" in ji ta. "Ta cire haƙori? Ai a asibiti ma sai sun yi wa mutum allura tukuna."

Na biya cif, ban rage ko sisi ba. Na ƙulle lomar shinkafar da tsakuwar a bakin mayafina muka fito. A cikin Adaidaita ta daina wasa.

"Hajiya, na san maganar da ake yi. In za ki ba su, ki ba su, ba za mu riƙe ki ba. Kowa yana son ya hau sama. Ki dai gaya mana da wuri mu nemi wani wurin."

"Gobe ki aiko a ɗaukar miki buhunki kamar kullum," na ce.

Na samu Babangida a shago yana shirin rufewa. Na kwance mayafi na ajiye masa a kan kanta, na gaya masa komai, ban ƙara ba ban rage ba. Ya baje shinkafar da yatsa, ya ture tsakuwar gefe.

"Wataƙila masu girki ne suka yi, Alhaji bai sani ba."

"In ya sani, macuci ne. In bai sani ba, gidansa ba a hannunsa yake ba. Wanne daga ciki zan ba wa shinkafata duka?"

"Hajiya, mu shinkafa muke sayarwa, ba mu muke dafawa ba. In ya biya, ko kaji ya watsa wa, ina ruwanmu?"

"Kaji ba sa tambayar sunan mai shinkafa. Yau a gabana aka kira ni ƙazama. Gobe a gaban wa za a kira ni, ba na nan? Kuma ka duba, na je masa da kuɗi a hannu aka ajiye ni a ƙofar banɗaki. Ranar da zan je karɓar kuɗi a wajensa, kuma ba ni da wani mai saye sai shi, a ina za a ajiye ni?"

"Na riga na ba shi hannu. Na ce masa an gama."

"Hannunka ka ba shi. Nawa yana nan."

Idonsa ya kaɗa.

"Ashe ni yaron shago ne a nan, ba ɗa ba."

Na juya na shiga haɗa kwanukan awo. Kun san ba a yawan magana tsakanin uwa da ɗan fari, ko sunansa na yanka ban taɓa kira ba. Na san maganata ta yanke shi, na kuma san gaskiya ce, kuma da zan janye ta sai in janye hukuncin tare da ita. Ya ajiye mukullin shago a kan kanta, kusa da tsakuwar, ya fita.

Washegari na je wajen Alhajin da kaina, don ba na fasa magana ta bakin ɗan aike. Na gaya masa abin da na ci a gidansa da abin da aka faɗa a kaina. Ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, ai da kin ce ke ce, da a sama za a zaunar da ke." Ya ƙara mini farashi nan take. Na jira ko zai tambayi lafiyar matar da haƙorinta ya ɓalle, ko ya aika a ɗauko buhun a duba. Bai yi ko ɗaya ba. Na yi masa godiya, na ce shinkafata tana da masu ita, na tashi.

Yanzu ga abin da ya biyo baya, kuma ku riƙe shi yadda yake, kada ku yi masa fuska don kuna sona. Gidan abincin bai rufe ba. Ya bunƙasa, har ya buɗe reshe. Wani dilan shinkafa da muke ɗauko kaya tare daga Kura ya karɓi cinikin, an kuma biya shi, ban taɓa jin an cuce shi ba. Gidan sama da ya gina a Darmanawa layi ɗaya ne da filina, ina wucewa ta gabansa in na je duba katangata. Cikin matan nan goma sha ɗaya da na tsaya dominsu, uku sun koma wajen mai araha tun kafin shekara ta zagayo, ko sallama ba su yi mini ba. Babangida ya tafi Abuja ya kama sayar da kayan gini, Allah ya buɗa masa. Yana zuwa da salla, yana durƙusawa ya gaishe ni, ba ya barina da buƙatar komai. Amma bai sake zama a kujerar shagon nan ba, kuma har yau in aka tayar da maganar cewa yake Hajiya ta yi kuskure. Ta fuskar kuɗi ya fi ni gaskiya, ban taɓa ce masa ba haka ba ne.

Maman Yohanna ta tsufa, 'yarta ke riƙe da rumfar. Duk Kirsimeti tana aiko mini da cincin, duk salla ina aika mata da nama, kuma ba ta taɓa ganina ba ta buɗe baki ta nuna mini giɓin ta ce, "Hajiya, ga hannun jarina a shagonki."

To ga lissafin. Na rasa gidan sama. Na rasa mata uku. Na rasa zaman ɗana a gefena, wannan kuwa ita ce asarar da babu ribar da ta cike ta, kuma ita nake ji in na rufe shago ni kaɗai. Abin da ya rage mini, jiya da safe wata yarinya ta zo daga Ƙauyen Alu, ba a haife ta ba lokacin da aka yi wannan abin, ba ta san ni ba, ba ta san sunana ba. Ta miƙo kwano ta ce, "An ce a ba ni wadda ba sai an tsince ba." Na auna mata, na yi mata gyara. Da tsada na sayi maganar nan, na san abin da na biya. Ko yau aka dawo mini da cinikin, ƙarfen yana nan a rataye, kuma a tsakiya zan soka.